Wane "Da" Ake Kuka da Shi?

Duk Sallah, motocin da ke bin gwadaro daga Maradi zuwa Tasawa suna sauke 'yan Agye da Gazawa waɗanda neman abinci ya kai Yamai, Kano ko Agadas. Kafin a kwance kaya an fara: albarka ta tashi, yaran yanzu ba kunya. Dattijo ya nemi makarantar allon da ya yi karatu, ya tarar an yi shago a wurin, ya ce zamani ya ɓaci.

Kewar gida ba aibi ba ce. Bukhari ya ruwaito yadda Bilal, da zazzaɓi ya kwantar da shi a Madina, ya riƙa begen Makka da duwatsunta. Annabi (SAW) bai tsawata masa ba, addu'a ya yi Allah ya sa musu son Madina. Sai dai Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kan zagin zamani, domin Allah ne mai juya dare da rana. A nan mai komawa gida ke zamewa, ya tashi daga bege ya faɗa zagi.

Kuma sau da yawa hukuncin nasa ba daidai ba ne. Wanda ya bar Ɗan Saga, a ƙasar Agye, lokacin yunwar 1984 da ake kira El Buhari, fili ya bari fetal. Iska na binne shuka da rairayi, sai an sake shuka, mata na girki da kara da kashin shanu. Yau gawo ne a gonakin, yana kaɗe ganye da damina gero ya sha rana a ƙarƙashinsa. Tun wajen 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya fara jan hankalin manoman jihar Maradi su daina sare tohon kututture, su gyara shi ya girma. Sassaben zamani ke nan, wanda aka ƙiyasta ya maido da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar.

To, wane "da" ne ya fi? Abin da dattijon ya rasa shi ne ƙafar da ke gudu da mahaifiyar da ke ƙwala masa kira da magariba. Waɗannan ba gari ne ya cinye su ba, shekarunsa ne.

Ba kowane kuka ne ruɗi ba. Gonar kaka ɗaya yau jikoki sun raba ta guntu-guntu. A Gidan Rumji kuwa, tun 2019 dubban mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako saboda 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. In ɗayansu ya ce jiya ta fi yau, gaskiya ya faɗa. Mai zuwa Sallah da jakarsa ya zo, da ƙafarsa zai koma; shi kuwa gudu ya fito da shi.