Idan Ƙafar Mutum Ɗaya Ta Gaza a Dutsen Bagzan

Arewa maso gabas da Agadas, cikin tsaunukan Azbin, akwai tudun Bagzan, inda ƙololuwar da ta fi kowacce tsawo a Nijar take, mita 2,022. A can sama akwai ƙauyukan Abzinawa da lambunansu, da turbar da jakuna ke bi. Amma da zarar ka kauce wa turbar nan, sai manyan duwatsu da suka hau kan juna da kwazazzabai masu kama ɗaya. Sawu ba ya zama a kan falalen dutse. Hanyar duk tana cikin kan mutum guda, wato ɗan jagora.

A ce mutum takwas sun fita da asuba da niyyar su hau su sauko kafin magariba. Da hantsi ya ɗaga, saura tafiyar awa biyu a kai ƙololuwa, sai gwiwar ɗaya ta ƙi. Bai faɗi ba, bai suma ba, amma kowa ya ga ba zai kai ba. Me ya wajaba a kan bakwai ɗin?

Kada mu yi saurin zarginsu idan ransu ya ɓaci. Sun tara kuɗi, sun yi doguwar tafiya, wataƙila wani cikinsu ba zai sake ganin wannan wuri ba har ya mutu. Asararsu ta gaske ce, kuma mai cewa ai dutse ne kawai bai taɓa sa ransa a kan wani abu ba. Shi ya sa shawarar da ke fara zuwa baki take da daɗin ji: a zaunar da shi a inuwa, a bar masa ruwa, a ɗauke shi a dawowa. Sau da yawa ma shi da kansa zai ce, "Ku je, 'yan'uwa, ina nan."

A kan turba sananniya wannan na iya yiwuwa. A nan kuwa inuwar da aka bar shi a ciki za ta gusa kafin azahar. Mai tafiya cikin zafin hamada na iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya, kowace lita kuma kilo guda ce a bayan mai ɗauke da ita, don haka babu wanda ya zo da rarar kirki. Idan jagora ya zauna da shi, bakwai sun rasa hanya. Idan ya tafi da bakwai, an bar mutum a wurin da ko ya miƙe bai san ina zai dosa ba. Ƙishirwa kuma takan taɓa hankali kafin ta kayar da jiki, sai mutum ya tashi neman wata inuwar, a dawo a tarar da gurbinsa.

A ganina ba a ƙuri'a a kan irin wannan. Bakwai sun fi ɗaya yawa, amma abin da kowane ɓangare zai rasa ba ɗaya ba ne: su hoto da labari, shi kuwa rai. Yardarsa ma ba ta wanke su, domin yardar da kunya ta tatso daga bakin mutum ba cikakkiya ba ce. Fatake da masu ayarin gishirin Bilma sun san dalilin da ya sa ake naɗa madugu: don a samu mai cewa a juya, ya kuma ɗauki haushin kowa a wuyansa.

Inda maganar ta fi yi mini wuya shi ne idan mutumin ya san da ciwon tun a gida, ya ɓoye. Nan ya ci amanar tafiya, ba shakka, kuma bakwai ɗin suna da abin faɗa. Sai dai a tambayi me ya sa ya ɓoye. Mun taso a inda namiji ba ya cewa na gaji, inda wanda ya tsaya yana haki ake masa dariya a kira shi rago. Ayarin da ya yi wa na baya ba'a tun awar farko shi ya koya masa yin shiru, har ta kai lokacin da maganarsa ba ta da sauran amfani. Da ya faɗa tun a gindin dutse, da an bar shi a ƙauye cikin mutane yana shan shayi, sauran sun hau abinsu.

Ko da laifin nasa ne shi kaɗai, bai canza abin da za a yi da hantsin nan ba. Za a raba kayansa, wani ya ɗauki jakarsa, wani ya ba shi kafaɗa, a sa shi kusa da jagora don takunsa ya zama na kowa. Faɗan da za a yi masa, da maganar kuɗin da aka yi asara, da ko za a sake fita da shi, duk suna iya jira a sauka ƙasa, a sha ruwa tukuna.