Lasin Tuƙi Shaida Ne

Akwai tambayar da ya kamata duk mai niyyar koyon mota ya yi wa kansa tun kafin ya kama sitiyari. Ga mutum ya ba da kuɗi an kawo masa lasin har gida, bai je gaban mai jarrabawa ba, ya shekara goma yana tuƙi bai ko taka kaza ba. Shin wannan mutum yana da laifi, ko kuwa ba shi da shi?

Waɗansu za su ce babu laifi, tun da ba wanda ya cutu. Amma mu duba ko mene ne lasin. Shaida ce hukuma ta bayar, cewa an gwada wane an ga ya iya. Fasinjan da ya shiga mota a tasha ba shi da halin gwada direba. Yarinyar da ke ƙetare titi da tallarta ba ita ta zaɓi wanda zai biyo hanyar ba. Dukansu da wannan shaida suka dogara. To, wanda ya saye ta ya sa an yi shaidar zur ke nan, zur kuwa zur ne ko da Allah ya rufa asiri.

Wani kuma zai ce ai ya yi karen mota shekara biyar, hannunsa ya faɗa. Madalla, amma hannu dabam, sani dabam. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin wajen mita 17 a daƙiƙa guda, watau kafin direba ya ɗauke ƙafa daga totur ya kai birki ta wuce tsawon zaure biyu ko uku. In kuwa aka ninka gudu sau biyu, nisan da za ta ci bayan an taka birki sau huɗu yake ninkuwa. Dokar hanya ma takan sake. A 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, har tsofaffin direbobi sai da suka sake koyo.

Saboda haka ne hukuma ta shimfiɗa matakai. Sai mutum ya cika shekara 18, ya karɓi takardar izinin koyo, ya maƙala harafin L a gaba da bayan mota, da gwani zaune kusa da shi. Sa'an nan ma'aikacin duba motoci, wanda ake kira VIO, ya jarraba shi. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa domin tsare rayuka a kan hanya.

Saura masu cewa haɗari ƙaddara ne. Gaskiya ne, ba abin da ke aukuwa sai da sanin Allah. Amma Shari'a da kanta ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe rai bisa kuskure. In wanda ya yi kuskure bai kuɓuta ba, ina ga wanda ya san bai iya ba ya hau hanya da gangan? Kowa ya ɗaure raƙuminsa tukuna, kana ya yi tawakkali.

Don haka, ɗan'uwa, kai da ka yaƙi jahilci har ka iya karatu, nemi littafin dokokin hanya ka karanta, ka san alamu ɗaya ɗaya. Koyi ja da baya, da tashi a kan tudu ba tare da mota ta gangara ba. In ka faɗi jarrabawa, kada ka ji kunya, koma ka ƙara koyo. Sannu ba ta hana zuwa. Faɗuwa a gaban mai jarrabawa ta fi sauƙi bisa ga tsayuwa a gaban iyayen yaron da ka buge. Allah ya kiyashe mu, amin.