Nasiha Ga Ɗan Takarana Kafin Muhawara

Ina cikin masu goyon bayanka, shi ya sa zan faɗa maka abin da 'yan kanzagi ba za su faɗa ba. Za su ce ka tona asirin abokin hamayyarka, ka hana shi sakat. Ni kam na ce a'a.

A watan Satumba 2020, a birnin Cleveland na Amurka, Trump da Biden sun yi ta katse juna, har a muhawararsu ta ƙarshe sai da aka riƙa kashe makirufon ɗaya in ɗaya ya fara bayani. To, me talaka ya ƙaru da shi?

Ka soki aikinsa da hujja, ka bar iyalinsa da ƙabilarsa. In ya faɗi gaskiya, ka ce gaskiya ne. In an tambaye ka tsadar abinci, kada ka kauce. Abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Wallahi hakan ba ya rage mutum.

Wanda ya kasa haƙuri da mutum ɗaya na minti 90, yaya zai yi da miliyoyi har shekara 4?

Allah Ya sa mu dace.