Muryar Wa Kake Ji?

Karatu na yau: Farawa 27:1-35



Ishaku ya tsufa, idanunsa sun dushe har ba ya gani. Abin da ya rage masa shi ne kunne da hanci da hannu. Ran da ya yi niyyar sa wa Isuwa albarka, Yakubu ne ya shigo masa da abinci, sanye da rigar wansa, ya ɗaura fatar ɗan akuya a hannuwansa da wuyansa domin ya yi gashi kamar Isuwa. Idan ka karanta da natsuwa za ka ga tsohon bai yarda nan take ba. Ya tambaya yaya aka yi naman ya samu da wuri haka. Ya ce yaron ya matso ya taɓa shi. Ya sāke tambaya ko da gaske Isuwa ne. Kunnensa yana gaya masa Yakubu ne, hannunsa yana gaya masa Isuwa ne. Daga ƙarshe ya ci, ya sha, ya sunsuni rigar, ya sa albarka.

Ka lura da abu ɗaya. Rifkatu ta iya sauya wa Yakubu riga, ta iya sauya masa fata, ta iya dafa akuya ta yi ɗanɗanon naman daji. Amma murya ta gagare ta. Tun daga zamanin Ishaku har zuwa zamanin iyayenmu, murya ita ce abin da ɓarawo ba ya iya sata. Shi ya sa idan aka ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare kakan ce, "Wane ne?" kuma da ka ji muryar ɗanka sai ka buɗe ba tare da ka kunna fitila ba.

To, ɗan'uwana, wannan zamani ya wuce. Yanzu kwamfuta tana iya yin abin da Rifkatu ta kasa.

Ga yadda abin yake. Akan ɗauki maganar mutum da aka naɗa, ko da 'yar kaɗan ce, a ba na'ura. Na'urar ta riga ta saurari muryoyin dubban mutane, ta koyi yadda sautin magana yake hawa da sauka. Sai ta kama abin da ya bambanta muryar wannan mutum da ta sauran. Daga nan duk abin da aka rubuta mata za ta faɗe shi da muryarsa, ko da bai taɓa faɗarsa ba. Haka ake yi da fuska ma. Wannan sashe ne na abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira.

Ba tatsuniya ba ce. A 2023, ana tsakiyar yaƙin Sudan, aka riƙa baza wasu maganganu a TikTok da muryar tsohon shugaban ƙasar, Umar al-Bashir, bincike ya nuna na'ura ce ta kwaikwaye shi. A Janairun 2024 dubban mutane a jihar New Hampshire ta Amurka suka amsa waya suka ji muryar Shugaba Biden yana cewa kada su fita jefa ƙuri'a, alhali ba shi ba ne. Amma labarin da ya fi tuna mini da Ishaku shi ne na wani ma'aikacin kuɗi a Hong Kong a farkon 2024. Saƙo ya zo masa cewa babban jami'in kuɗi na kamfaninsu yana so a tura kuɗi a asirce. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya yi zaton 'yan damfara ne. Sai aka kira shi taro ta bidiyo, ya ga fuskar jami'in da ta abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu. Shakkarsa ta tafi. Ya tura kusan dala miliyan 25. Duk waɗanda ya gani a taron nan, babu mutum na gaske ko ɗaya.

Ka ga, shi ma kamar Ishaku, gargaɗi ya zo masa tun farko. Sai aka kawo masa fatar akuya ya taɓa.

Kada ka ce wannan matsalar Turawa da masu kuɗi ce, ko ka ce ai na'ura ba ta jin Hausa. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa, kuma kowace shekara na'urorin nan ƙara gwaninta suke yi. Mu kuwa mutanen murya ne. Mahaifiyarka da ba ta yi boko ba tana aika saƙon murya ta WhatsApp zuwa ɗanta a Agadas ko Kumasi ko Garwa. Wa'azin fastonka yana cikin wayoyi da yawa. Ni kaina yawancinku ba ku taɓa ganin fuskata ba, ta rediyo kuka san ni. Ka yi tunanin ranar da tsohuwa za ta ji muryar ɗanta yana kuka, yana cewa an kama shi a kan iyaka, a tura jaka hamsin yanzu-yanzu. Ko ranar da za a baza muryar wani fasto ko wani liman yana zagin addinin maƙwabtansa, a garin da dama wuta take jiran iska. Allah ya kiyaye mu.

Ban ce ka jefar da wayarka ba. Wannan waya ce take karanta wa makaho Littafi Mai Tsarki da harshensa, ita ce take kai kuɗin magani ƙauye cikin minti ɗaya. Kyauta ce, kuma mu gode wa Allah domin basirar da ya ba ɗan adam. Sai dai zuciyar da take riƙe da ita ba ta sauya ba tun gonar Adnin. Ba ma sai da muryar jabu ba. A Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya bazu a wayoyi a Nijeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu suka kwanta asibiti. Yawancin waɗanda suka tura saƙon nan ƙauna ce ta sa su, har da masu bi. A Indiya jita-jitar satar yara ta sa aka kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, har a 2019 WhatsApp ya ƙayyade tura saƙo ɗaya zuwa wuri biyar kawai a lokaci guda a duk duniya. Kamfani ya iya rage gudun saƙo, amma yatsan da yake dannawa naka ne. Dokar da Allah ya ba Musa a kan shaidar zur ba ta ware wanda ya ce "turo mini aka yi" ba.

Mu koma ga Ishaku. Aya ta 30 ta nuna cewa Yakubu yana fita ke nan sai ga Isuwa ya dawo daga farauta. Da tsohon ya ajiye ƙwaryar nan ya ɗan jira, da gaskiya ta shigo da ƙafarta. Bai kira kowa ya duba masa ba, shi kaɗai ya yanke. Haka mai ruɗi yake aiki har yau: yana so ka yi sauri, yana so ka yi shiru. "Yanzu-yanzu," "kada ka gaya wa kowa." Duk saƙon da ya zo da waɗannan biyu, ko da muryar wa ya zo, ka tsaya.

(Wani zai ce ai Allah ya riga ya gaya wa Rifkatu cewa babban zai bauta wa ƙaramin. Gaskiya ne, nufin Allah bai fāɗi ba. Amma Allah bai bukaci ƙaryar Yakubu ba, kuma ta ci shi shekara ashirin a gidan Laban. Daga baya 'ya'yansa suka ruɗe shi da riga da jinin akuya.)

Akwai wani gefe da ban ji ana yawan faɗarsa ba. Idan kowace murya tana iya zama jabu, to mai laifin da aka naɗi maganarsa ta gaskiya zai ce na'ura ce. Maƙaryaci ya sami sabuwar mafaka. A irin wannan zamani, abin da zai tsaya wa mutum shi ne halin da aka san shi da shi shekara da shekaru. Idan aka kawo muryarka tana faɗin ƙazamar magana, shin maƙwabtanka za su ce, "A'a, wannan ba bakinsa ba ne"? Ko za su ce, "Dama mun san zai aika"? Yesu ya koyar cewa i ɗinmu ya tsaya i, a'a ya tsaya a'a. Ya kuma ce tumakinsa sukan gane muryarsa su guje wa baƙo, kuma ba ta wata dabara suke ganewa ba, sai domin sun daɗe suna bin sa. Wanda ba ya buɗe Littafinsa, duk wanda ya ambaci sunan Yesu a waya zai iya jansa.

Ikilisiyar farko ma ta sha wannan. A Tasalonika hankalin masu bi ya tashi saboda magana da wasiƙa da ake cewa daga Bulus suke, wai ranar Ubangiji ta riga ta zo. Manzo bai daina rubuta wasiƙa ba. A ƙarshen wasiƙarsa ta biyu ya karɓi alƙalami ya rubuta gaisuwa da hannunsa, ya gaya musu wannan ce alamarsa a kowace wasiƙa.

Kai ma ka yi haka a gidanka. Yau da dare bayan addu'ar iyali, ku zaɓi kalma ɗaya da ku kaɗai kuka sani, ku koya wa tsofaffi da waɗanda suke ci-rani, kada kuma a rubuta ta a waya. In murya ta nemi kuɗi, ka kashe, ka kira lambar da ka sani da kanka. In kuwa muryar fasto ce take neman ka tura baiko ko gudummawa wata sabuwar lamba, ka riƙe kuɗinka har ranar Lahadi, ka tambayi dattawan ikilisiya ido da ido.