Hannun da Allah Ke Miƙo Arziki da Shi

Tsarki ya tabbata ga Allah Mai rabon arziki, wanda da Ya so da Ya sauke wa kowane bawa rabonsa har ƙofar ɗaki ba tare da sababi ba, amma hikimarSa ta hukunta Ya rataya buɗin wani a hannun wani, domin bayi su san juna, su buƙaci juna, kada ɗayansu ya ruɗu da zaton dabararsa ce ta ɗaukaka shi. Duk wanda muka ga ya yi nisa a sana'a, idan muka bi sawunsa, za mu tarar da wanda ya koya masa, da wanda ya tsaya masa, da wanda ya ambace shi da alheri a majalisar da bai halarta ba.

Mu dubi Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi, da ya iso Madina hannu rabbana. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Sa'adu ɗan Rabi'u. Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya sa masa albarka, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa kawai; ya fara da cuku da man shanu, har ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Abin da ya karɓa daga ɗan'uwansa jagora ne, kuma a ganinmu wannan ne ladabin neman sanayya: a nemi ƙofa a wurin mutane, a shiga da guminka.

Kakanninmu fatake sun rayu a kan wannan ma'ana. Ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja yakan shafe watanni a hanya, jakuna ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafin rini, su komo da huhunan goro naɗe cikin ganye, ana yayyafa musu ruwa kada su bushe. Jagaba na gaba yana duba hanya, madugu kuwa shi ne uban tafiya. Sai dai girman nan nasa hidima ce zalla: shi ke zaɓar zango, shi ke daidaitawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, shi ke raba gardama, kuma in ɗan ayari ya kwanta ciwo a dokar daji, a wuyan madugu nauyin yake. Yaron da ke kora jaki a bayansa yana kallo, yana haddace mashigai da sunayen masu masauki da dillalan da ke ba da lamuni. Wata rana shi ma a kira shi madugu. Ashe, ba abin mamaki ba ne a ce ilimin da ba a rubuta a allo ba ya ratsa ƙarnuka ta hanyar zama da manya kawai?

Daga wannan makaranta Alhassan Ɗantata ya fito. An haife shi a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro, da aka buɗe layin dogo na Kano a 1912 kuma ya koma cinikin gyaɗa, yana danƙa wa yaransa jari su shiga ƙauyuka, amana ce kaɗai takardar da ke tsakaninsu. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi gaba da kowa a dukiya a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote, tattaɓa-kunnensa ta wajen uwa, da rancen kawunsa ya fara kasuwanci a 1977.

Abin da ke sosa mana rai shi ne yadda wasu iyayen gida na yau, a kanti ko a ofis, suke riƙe yaro shekara da shekaru yana ɗaga dila, yana rufe shago, ba a nuna masa inda ake saro kaya ba, ba a gabatar da shi ga kowa ba, balle a yi zancen sallama. Wannan tauye amana ce, kuma za a tambayi makiyayi game da abin kiwonsa.

Ya kai maigida a Kantin Kwari, ya ke shugabar ma'aikata: ku zaɓi yaro guda cikin na ƙasa da ku, ku tafi da shi wurin da kuke ƙulla ciniki, ku faɗi sunansa a gaban manya, ku sanya masa ranar sallama tun kuna da ƙarfi.