Wa Zai Riƙi Baƙo, Doka ko Maƙwabci?

Ga tambayar da mu ke so mu auna tare a wannan wata. Tun da shi ke al'ummai sun riga sun yi doka domin ɗan gudun hijira da mutumin da ba shi da ƙasa, ashe akwai sauran abin da ya rage a wuyanmu?

Bari mu fara ganin abin da dokar ta ce. A shekara ta 1951, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, al'ummai suka taru a birnin Jeniba, suka ƙulla alkawari a kan mutumin da ya tsere daga ƙasarsa domin tsoron tsanani saboda kabilarsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa. Babbar maganar alkawarin tana cikin sashi na 33: ba a mayar da irin wannan mutum inda ransa ko 'yancinsa ke cikin hatsari. Nijeriya ta shiga a 1967. A 1969 shugabannin Afirka suka faɗaɗa shi a Adis Ababa, ya haɗa da wanda yaƙi ko babban hargitsi ya kora. Akwai kuma alkawari biyu, na 1954 da na 1961, domin wanda babu ƙasar da ta ɗauke shi ɗanta. Nijeriya ta shiga dukansu biyu a 2011.

Wannan doka abin godiya ce, kada kowa ya rena ta. A Janairu na 1980 gwamnati ta kama Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno, ta kai shi ƙasar Cadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Kotu a Maiduguri ta bincika, ta ce ɗan ƙasa ne, ya komo gida. Idan aka iya yi wa babban mutum haka, ina ga talakan da ba shi da ko takardar haihuwa? Lalle shari'a garkuwa ce.

Amma mu da ke zaune a Fagge da Sabon Gari mun san inda garkuwar ta tsaya. Unguwanninmu biyu na baƙi ne tun asali. Fagge zangon fatake ce a bayan ganuwa, inda Buzaye ke sauke raƙumansu. Sabon Gari kuwa an kafa ta wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa, domin mutanen kudu. Duk da haka a watan Mayu na 1953 jini ya zuba tsakanin unguwannin nan. A 1966 kuma dubban Inyamurai suka bar gidajensu da rumfunansu suka gudu zuwa Gabas. Alkawarin 1951 bai shafe su ba, gama ba su ƙetare iyakar ƙasa ba; sai a 2009 aka yi wani a Kampala domin masu gudu a cikin ƙasarsu. A waɗancan kwanaki, wanda ya tsira sau da yawa maƙwabci ne ya ɓoye shi a ɗaki, Musulmi ko Kirista, ba tare da wata takarda ta umurce shi ba.

Wani zai ce, “Abincinmu bai ishe mu ba, haya ta yi tsada, a cikin baƙi kuma akwai ɓarayi.” Maganar tana da nauyi, ba kuwa za mu yi kamar ba mu ji ba. Dokar kanta ta yarda gwamnati ta tantance, ba ta kuma rufa wa mai babban laifi asiri. Amma tantance mutum ɗaya dabam ne da zargin jama'a dungum. Mun ɗanɗana wannan ta fuska biyu. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Gana, Hausawa da Yarabawa da yawa suka komo hannu wofi. A 1983 mu ma muka kori mutanen Gana da waɗansu da irin wannan hujja. Wanda ya kori baƙo yau, gobe shi ne baƙo.

Littafi Mai Tsarki ya riga al'ummai kan wannan magana. Allah ya umurci Isra'ila su ƙaunaci baƙo, ya tuna musu da zamansu a Masar. Ya sa aka keɓe birane shida na mafaka, ya hana mai gona kalace gonarsa ƙaf domin baƙo ya sami abin tsinta. Ta haka Rut mutuniyar Mowab ta ci abinci a gonar Bo'aza. Ubangijinmu kansa, yana jariri, an gudu da shi zuwa Masar daga hannun Hirudus. Ku lura, umurnin kala ba ga sarki aka ba da shi ba, ga mai gona ne.

Saboda haka amsarmu ita ce, doka tana ɗaure hannun gwamnati a bakin iyaka, amma baƙo ba a bakin iyaka ya ke kwana ba, a layinmu ya ke. Mai gidan haya kada ya ninka masa kuɗi don ya ga ba shi da mafita. Mai rumfa a kasuwar Sabon Gari ya biya shi ladan da ya ke biyan ɗan gari. Dattawan ekklesiya su kiyaye littafin baftisma da kyau, su kuma raka iyaye, namu da baƙi, su yi wa kowane jariri takardar haihuwa, gama rashinta ne ke jefa yara da yawa cikin rashin ƙasa. Wanda ya gudo daga wata ƙasa, a nuna masa hanyar hukumar 'yan gudun hijira, wadda aka kafa a 1989, domin a rubuta sunansa.

Ba mu tambayi addininsa kafin mu ba shi ruwa ba. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.