MAKARANTARMU DA MAƘWABTANTA



Duk sa'ad da hutu ya ƙare, makarantu suka buɗe ƙofofinsu, hankalin iyaye yakan koma kan kuɗin makaranta, da littattafai, da tufafi, da guzurin yara. Wannan damuwa ce ta gaskiya, za mu kuwa zo kanta. Amma akwai wata tambaya da ta riga ta, wadda ya kamata mu fara amsawa: makarantar sakandare ta Katolika, domin wa aka gina ta? In mun ce domin 'ya'yan Katolika kaɗai, mun ƙuntata abin da Allah ya yalwata. In mun ce domin duk wanda aljihunsa ya iya, mun mai da ita kanti. Abin da Ikklisiya ta koya mana shi ne, an gina ta domin mutanen wurin da take zaune, kuma da alherin da ta jawo musu ne za a auna ta a gaban Allah.

Ku duba littafin Annabi Irmiya, sura 29. Wajen shekara 597 kafin haihuwar Kristi, sarki Nebukadnezzar ya kwashe manyan Urushalima ya kai su Babila. Suna can cikin baƙin ciki, waɗansu annabawan ƙarya suna ta yi musu alkawari cewa zaman ba zai daɗe ba. Sai Irmiya ya aika musu da wasiƙa da sunan Ubangiji. Ya umarce su su yi gini, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su so wa garin alheri, har su riƙa sa shi cikin addu'a, gama zaman lafiyarsu yana ɗaure da na garin. Ku lura, waɗannan kamammu ne a ƙasar waɗanda suka ci su da yaƙi. To, in Allah ya ɗora wa kamammu wannan nauyi, ina ga mu da muke zaune a ƙasarmu, inda aka binne cibiyarmu, inda kakanninmu suka yi noma da kiwo? Makaranta tana ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da Ikklisiya take sauke wannan nauyi.

Muna da misali a fili cikin birnin Kano, wato makarantar 'yan mata ta St. Louis da ke Bompai. Ƙungiyar Sistocin da suke riƙe da ita ta samo asali a ƙasar Faransa a 1842, a hannun wani firist mai suna Louis Bautain. A 1859 waɗansu daga cikinsu suka ƙetara zuwa garin Monaghan na ƙasar Ayalan, daga can ne kuma suka iso ƙasar Gana a 1947, suka sauka Kano a 1948. A lokacin nan kuwa 'yan mata kaɗan ne ƙwarai suke karatun boko a Arewa. Sistocin suka tarar da babban birni na Musulmi, mai tsohon tarihin malanta da fatauci, da 'yan tsirarun Kirista, yawancinsu a Sabon Gari. Da sun ga dama sai su tsaya kan 'ya'yan garkensu kawai. Amma ƙofar makarantar ta karɓi 'ya'yan Musulmi da na Kirista, 'yan Arewa da 'yan Kudu, har ta zama gida guda inda yarinya daga cikin birni da yarinya daga Sabon Gari suke kwana ɗaki ɗaya, suna cin tuwo daga tukunya ɗaya.

Kada mu raina wannan abu. Kano ta ga kwanakin tashin hankali, a 1966, da 1980, da 1991, da kuma 2012, kwanakin da maƙwabci ya ji tsoron maƙwabcinsa. Duk da haka makarantar tana nan har wa yau, iyaye na addinai biyu suna ta kawo 'ya'yansu. Yarinyar da ta yi shekara shida tana raba sabulu da gari da wata wadda ba addininsu ɗaya ba, wadda ta ga hawayenta ranar da aka aiko mata da labarin rasuwa, da wuya wani ya zo daga baya ya ruɗe ta cewa waccan maƙiyiya ce. Taken Sistocin nan an ɗauko shi daga addu'ar da Ubangijinmu ya yi a daren da aka bashe shi, cikin Bisharar Yohanna sura 17, inda ya roƙi Uba haɗin kan nasa. Makaranta irin wannan tana juya addu'ar nan ta zama zaman yau da kullum.

Wani zai ce, to, ai wannan dabarar jawo 'ya'yan mutane cikin addini ce. A'a, ba haka Ikklisiya ta koyar ba. A ranar 28 ga Oktoba, 1965, babban taron bishop-bishop na duniya, wato Majalisar Batikan ta Biyu, ya fitar da takarda kan tarbiyyar Kirista. A ran nan kuma ya fitar da wata kan dangantakarmu da sauran addinai, inda ya ambaci Musulmi da girmamawa. A watan Disamba na shekarar ya ƙara da ta uku, wadda ta hana a tilasta wa kowane mutum cikin sha'anin addini. Saboda haka uban da ya kawo 'yarsa makarantarmu amana ya ba mu, amana kuwa ba a cin ta. Ba mu ɓoye gicciyenmu, ba mu daina addu'armu, amma shaidar da muke bayarwa ita ce gaskiya cikin jarrabawa, da adalci cikin horo, da kula da mara lafiya da tsakar dare, ko 'yar wane ce.

Alherin makaranta kuma ba ya tsayawa cikin aji. Akwai manomin da yake sayar mata da hatsi, da mai kawo itace ko gawayi, da mahauci, da tela mai ɗinka kayan makaranta, da maigadi, da masu dafa abinci. Waɗannan duka da iyalansu suna cin albarkacinta. Sa'an nan akwai abin da ya fi wannan, wato 'yan matan da suke fita su zama malamai, da ungozomomi, da likitoci, da iyaye mata masu duba littafin 'ya'yansu da dare. A wurare da yawa na ƙasarmu mace ba ta sakin jiki ta faɗi ciwonta sai ga mace 'yar'uwarta. Ashe kowace yarinya da ta gama sakandare ta shiga aikin jinya, rayuka ne aka ceta a ɗakin haihuwa, na Musulmi da na Kirista baki ɗaya.

Tarihi ya koya mana wani darasi a nan. A 1972 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun mishan. Kwalejin St. John ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, makarantar 'yan mata ta Queen of Apostles da ke Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Manyanmu sun ji zafin abin, har yanzu akwai masu tunawa da shi da ƙunar rai. Amma ku duba abin da aka iya ɗaukewa da abin da ba a iya ba. An sauke allon suna, an canja masu riƙo, amma ba wanda ya iya cire ilimi da tarbiyya daga zukatan waɗanda suka riga suka sha daga rijiyar. Gini da fili da suna aro ne. Abin da aka shuka cikin mutane shi ne namu na har abada, shi ne kuma za mu tarar a gaban Ubangiji.

Yanzu bari mu zo kan kuɗi, inda ƙaya take. Dukanmu mun san yadda rayuwa ta yi tsada, musamman tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Makarantar kwana tana ciyar da ɗaruruwan yara sau uku a rana, tana biyan malamai, tana sayen man injin wuta, tana gyaran rijiyar burtsatse. Dokar Ikklisiya ta 1983 ta ce karatun makarantar Katolika kada ya gaza na sauran makarantun yankinta, malami nagari kuwa ba ya zama da yunwa. Don haka ba na ɗora wa masu riƙon makarantunmu laifi in kuɗin ya hau. Amma sakamakon yana gabanmu. A ƙauyukanmu akwai 'yar katikis, da 'yar gwauruwa, da ɗan manomin da gonarsa ba ta ciyar da gida har shekara ta zagayo, yara masu kaifin basira, waɗanda ko a mafarki ba sa sa ran shiga makarantar da take ɗauke da sunan Ikklisiyarsu. Asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana faɗa cewa fiye da yara miliyan 10 a Nijeriya ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu kuwa a Arewa suke. Waɗansunsu suna zaune a bencin baya na majami'unmu kowace Lahadi.

A 1977 ofishin Batikan mai kula da ilimi ya yi gargaɗi a kan wannan. Ya ce matalauta ne na fari cikin waɗanda Ikklisiya take yi wa hidimar ilimi, kuma makarantar da ta karkata ga masu hali kaɗai tana taimakawa wajen ɗorewar rashin adalci. Tun kafin wannan, Manzo Yakubu, a sura ta 2 ta wasiƙarsa, ya tsawata wa jama'ar da take ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, ta bar mai tsumma a tsaye. In ba mu yarda a yi haka cikin majami'a ba, yaya za mu yi shiru a yi shi a ƙofar makaranta? Tun da yake makarantar ba za ta iya rage kuɗi ba tare da ta durƙushe ba, ashe nauyin ya dawo wuyanmu, mu jama'ar Allah.

Ga abin da nake roƙo. Lokacin godiyar kaka yana zuwa kowace shekara. Gida arba'in, in kowane ya kawo tiya guda ta dawa ko masara, buhu ya cika. Bari kowace majami'ar ƙauye ta keɓe rabo daga baikon kaka domin karatun yaro guda daga cikinta, wanda dattawa da katikis da malaman firamare za su zaɓa bisa ƙoƙarinsa da bukatarsa, ba bisa dangi ba. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a, domin kada zargi ya kashe aikin. Zumuntar Mata Katolika, ku da kuka saba da adashi, kun fi kowa sanin cewa da kaɗan-kaɗan matankaɗi kan shiga gora. Ku kuma tsofaffin ɗalibai da Allah ya ɗaukaka, ku tuna cewa waɗansu da ba ku taɓa gani ba ne suka tara kwabbansu a ƙasashe masu nisa aka gina azuzuwan da kuka zauna. Bashin nan ba a biyansa ga matattu, ga yaron da yake tasowa ake biya.

Ku iyaye, in an ɗauki nauyin 'yarku, kada ku cire ta a aji uku domin aure, ko ku tura ta aikatau birni. Sadakin yau zai ƙare kafin damina, karatunta kuwa zai ciyar da gida har jikoki. Ku malamai da shugabannin makarantu, kada katanga ta raba ku da mutanen unguwa. Ku san mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa, ku je gaisuwar mutuwa da barkar suna, ku bar maƙwabta su ɗebi ruwa in famfonsu ya ƙafe, ku sa manyan ɗalibai su koya wa yaran unguwa karatu da lissafi lokacin da ya dace.

Wannan zumunci ya zama wajibi a kwanakin nan. Ba mu manta da Chibok a 2014 ba, ko Ƙanƙara a 2020. A watan Nuwamba na 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar St. Mary ta Papiri, a Jihar Neja, cikin dayosis na Kontagora, suka kwashe yara da malamai fiye da ɗari biyu, iyaye suka yi makonni cikin kuka kafin Allah ya dawo da su. Tsaron rai da dukiya hakki ne a kan gwamnati, ba kuwa za mu gaji da tuna mata ba. Amma bayan wannan, makarantar da mutanen gari suke kira tasu tana da idanu da kunnuwa a kasuwa, da tasha, da bakin daji, waɗanda kuɗi ba ya saya.

Waliyyi Louis, wanda makarantar Bompai take ɗauke da sunansa, sarkin Faransa ne, ya rasu a 1270, muna kuma tunawa da shi ran 25 ga Agusta. Abin da ya sa Ikklisiya take girmama shi ba rawaninsa ba ne. An san shi da kiran matalauta su ci abinci a fadarsa, yana yi musu hidima da hannunsa. Bari makarantunmu su gāji wannan hali, mu kuma da muke kewaye da su mu sa hannu, domin a sami wurin zama ga ɗan talaka a teburin ilimi.

Allah Uba, mai ba da hikima, ya kiyaye 'ya'yanmu cikin fitarsu da shigarsu, ya ƙarfafa malamansu, ya sa wa garuruwanmu albarka da zaman lafiya. Maryamu Budurwa, wadda ta reni Yesu a Nazarat, ta yi roƙo dominmu. Cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Amin.